Yadda Aka Ɗauko Modu Daga Kumasi

Tun da na dawo daga Kumasi ban sha shayina da zafinsa ba. Duk wanda ya gan ni a dakalin masallaci sai ya matso: "Tafinta, wai da gaske kwana shida ka yi a gidan mutumin nan ba ka faɗi abin da ya kai ka ba? Kai ɗin?" Har wani abokina ya taso takanas daga Dukawuya don ya ji da kunnensa. To, na gaji da maimaitawa. Ga shi a rubuce, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Tafinta suna ne da aka laƙaba mini saboda yawon fataucin goro da fata da na yi a ƙuruciya, inda na tsinto Larabci da Faransanci da Barbarci, da ɗan abin gaisuwa a harshen Tonawa, wato mutanen Asante. Wannan sunan ne ya ja mini tafiyar.

Wanda ba ɗan unguwarmu ba sai na yi masa bayanin gidan Malam Bukar. Kakansu daga Borno ya zo, kuma mutum uku a jere daga gidan suka riƙe mana unguwa. Amma ba rawanin ne ya sa ake ganin girmansu ba, zauren ne. Ba a rufe shi. Kullum bayan magariba akushi uku na tuwo ke fitowa, duk wanda ya zo ya sa hannu. A nan ake sasanta ma'aurata, a nan ake ajiye makara da likkafani saboda baƙon da ya rasu ba shi da kowa. Dokar zauren ɗaya ce tun daga kakan: ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. Ya ci, ya kwana, ranar da ya ga dama ya faɗa. Akwai wani da ya sauka a zauren ina yaro, ya zauna har ya yi aure a lungunmu, ya haifi 'ya'ya tara, har ya rasu ba wanda ya san wurin wa ya zo.

Da Allah ya yi wa Malam Bukar rasuwa, babban ɗansa Modu, wanda ya shekara talatin a Kumasi yana sayar da kayan gyaran mota, ya zo gaisuwa. Washegarin sadakar bakwai ya sulale ya koma, kafin wani ya sami fuskar yi masa maganar gado. Ƙannensa biyu kuwa masu iyali ne, kasuwa ta yi musu nauyi, suna so a raba gida a mai da zauren shaguna tunda yana kallon titi. Sai ga saƙon hakimi: bayan sadakar arba'in a kawo sunan wanda unguwa ta amince da shi, in babu a gidan, a duba wani gida. Kowa ya san in rawanin ya fita, zauren ma ya tafi.

Dattawa suka ce irin wannan magana ba a yin ta a waya, sai an tura mutum. Liman ya ja ni gefe.

"Tafinta, ka san jinin gidan nan. In ɗayansu ya ce a'a sau ɗaya, ko ubansa ya tashi ba zai janye ba. Kada ka fara maganar. Ka bari ya tambaye ka da bakinsa, sannan ka san zuciyarsa ta karkato."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan mai sauƙi ne. Tonawa in ka je gidansu, ruwa kawai za ka sha su tambaye ka abin da ke tafe da kai. Mutumin da ya shekara talatin a cikinsu ai ya ɗauka."

Ranar tafiya Hajiya Falmata, yayar Modu, wadda ita ke tuƙa tuwon zauren tun rasuwar mahaifiyarsu, ta aiko mini da ƙunshin daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Da na je yi mata sallama, ta leƙo ta bayan labule ta ce, "Baba, wannan na Adiza ne, matarsa. Shi kuwa ka ce masa ban aiko masa da komai ba."

Na shiga doguwar motar Legas kwana ashirin da biyu da rasuwar. Kusa da ni wata Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, Iya Sikira, haihuwar Kano, Hausarta ta fi ta jikokina tsabta. Ita ma Gana za ta. Kafin mu kai Zariya ta san sunayen matana da ciwon da ke damun gwiwata, ni kuma na ba ta labarin yadda na ratsa sahara a saman lodin babbar mota. Ban san ajiye labarin take yi ba.

A Legas na kwana a Agege, gidan ɗan wani tsohon mai masaukina na zamanin goro. Uban ya rasu, ɗakunan baƙi sun zama na haya, amma yaron ya yi mini shimfiɗa a falonsa ya ba ni shinkafa da miyar da ta sa na yi kuka ba tare da an yi mini mutuwa ba. Ya ce, "Baba, yanzu baƙi otal suke zuwa." Na kwanta ina tunanin zaurenmu.

A iyakar Binin aka ce kowa ya fito da fasfo da katin rigakafin shawara. Fasfo na nan. Katin kuwa yana Kano, cikin aljihun rigar da na fasa sawa. Aka nuna mini wani ɗan ɗaki aka ce a nan za a yi mini allurar. Ni da allura ba ma shiri tun ina yaro. Malamar asibitin ba ta ko taɓa ni ba na fara salati da ƙarfi. Iya Sikira tana bakin ƙofa riƙe da babbar rigata.

"Baba, kai ne fa ka ratsa sahara!"

"A sahara ba a soka wa mutum ƙarfe."

"Malama, yi masa a hankali, jarumi ne, a saman lodi yake kwana."

Har muka shiga mota tana gaya wa fasinjoji, wannan da Yarbanci, wancan da Turanci. A ranar na san zafin tafinta in ba kai ne shi ba.

A Kwatano na ce bari in wanke kunyata. Na tsayar da wani ɗan acaɓa, na jero masa Faransanci irin na da, mai gaisuwa da neman afuwa da komai. Ya saurara har na dire, sannan ya ce da Hausa, "Baba, wace tasha za ka?" Ashe ɗan Dogon Dutsi ne, can ƙasar Nijar. Iya Sikira ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

A Lome muka kwana a zango, unguwar Hausawa. Ɗakin da aka ba ni rabinsa buhunan busasshen kifi ne. Ka haɗa wannan da daddawar Hajiya Falmata da ta kwana uku a cikin zafi. Da safe da na fito, kyanwoyi uku suka raka ni har bakin tasha. A iyakar Gana jami'ar da ta buɗe jakata ta ja da baya, sannan ta sake sunkuyowa ta shaƙa, ta ce ita 'yar arewacin ƙasar ce, rabonta da irin wannan tun kakarta na da rai. Na gutsura mata. Iya Sikira ta sauka a Ankara, babban birnin Gana, ta yi mini sallama da cewa in na dawo kada in manta da katina, don ba kullum za a sami mai riƙe mini riga ba.

Na isa Kumasi ran Juma'a da yamma, kwana ashirin da shida da rasuwar. Ban sha wahalar neman gidan ba. Duk wanda na tambaya a zango sai ya ce, "Gidan Bakano? Inda ake cin tuwo?"

Da na shiga sai na ga kamar gidan Malam Bukar nake. Ba zaure ba ne, baranda ce mai rufin kwano da dogayen bencina. Amma ga direbobin Nijar da motarsu ta lalace, ga wani tsoho Bazabarme da ya zo asibiti, ga waɗansu samari daga Barkina, kowa hannu a cikin kwano. Modu na zaune a gefe, yadda ubansa ke zama, ƙafa ɗaya a naɗe. Ya taso ya rungume ni, ya karɓi jakata da kansa, ya ce, "Baba Tafinta, sannu da hanya. Bismilla."

Aka kawo ruwa na sha. Na ajiye kofin, na gyara zama, na gyara murya. Ya ce, "A ƙara miya?"

Haka aka yi kwana na farko.

Abincin ƙasar ba laifi. Kokonsu, wanda suke kira kokon Hausawa, ya fi namu yaji nesa, citta da barkono kamar an yi faɗa da mai damawa. Sakwararsu ta rogo da ayaba ba a taunawa, haɗiya ake yi, ni kuwa na kafa mata haƙori har yara suna leƙena. In ka tarar da mutane a zaune, daga dama ake fara ba da hannu a bi layi, ko da babban yana can ƙarshe. Mu a Kano sai ka tsallake kowa ka je ka durƙusa gaban babba tukuna.

Ran Asabar Modu ya kai ni gaisuwar mutuwar wani maƙwabcinsa Batone. Rumfuna, kiɗa, kowa cikin baƙi da ja, hoton mamacin kamar ƙofar gari. Duk wanda ya kawo gudummawa, mai lasifika ya kira sunansa da na garinsu, jama'a su gode. Na tuna Malam Bukar, wanda in ya aika buhun gero gidan mabuƙaci yakan gargaɗi ɗan dako kada ya faɗi inda ya fito. Na raɗa wa Modu, "Wannan ai an cinye ladan tun a nan." Ya yi dariya ya ce, "Baba, a nan marowaci ba shi da wurin ɓuya. Mu kuwa da ake yi a ɓoye, wanda bai ba da komai ba ma sai ya yi ta sunkuyar da kai kamar shi ne." Gaskiyarsa ce, don na san mutum biyu a sahun gaba na masallacinmu masu irin wannan sunkuyon.

Na ga dama ta samu, sai na ce, "Allah ya ji ƙan Malam. Zauren nan dai yana nan."

"Allah ya raya shi. Baba, ka taɓa ganin babbar kasuwar garin nan?"

Na ga kasuwa. Washegari na ga unguwar makanikai, inda ake ƙera mota daga gawar wata motar. Na ga tafki. Na ga inda ake saƙa. Mutumin nan ya yawata da ni har gwiwata ta kumbura, bai taɓa cewa "Lafiya dai?" ba. Sannan na gane: ya san abin da ya kawo ni sarai. Dokar ubansa ya samu ya shige cikinta ya ja ƙofa. In bai tambaya ba, ba zai amsa ba. Ni kuma in na fara, zai ce a'a, shi ke nan.

Kullum da hantsi Liman ya kira.

"Ya tambaya?"

"Bai tambaya ba."

"To kai me kake yi a can?"

"Ina cin abinci, Allah gafarta Malam."

"Tafinta, kwana talatin yau. Yaran nan sun je Ƙofar Ruwa tambayar kuɗin ƙofofin shago."

A rana ta shida da safe, bayan an sha koko baƙi sun watse, sai Adiza ta fito. Mace ce gajera mai kuzari, ubanta ɗan zango ne, uwarta Batoniya. Ta jera kujeru uku a gefe ɗaya, ta ajiye guda tana fuskantarsu, ta ce in zauna a kai. Ta fito da mahaifiyarta, tsohuwa tukuf, ta zaunar. Ta nuna wa Modu ta tsakiya. Sannan ta kawo mini ruwa a kofin gilashi, ta tsaya har na sha. Ita da tsohuwar suka ba ni hannu, ni da ban saba ba na miƙa ina kallon ƙasa.

Ta zauna ta ce, "Baba, mu nan lafiya muke. Kai ne ka sha hanya. Me ke tafe da kai?"

Modu ya zabura. "Adiza! A gidanmu ba a tambayar baƙo."

"A gidanku na Kano. Wannan filin na uwata ne, ga ta nan zaune. A nan ana tambaya." Ta juyo gare ni. "Ni da Yaya Falmata mun gaji. Kullum sai ta kira ta ce, 'Sun yi magana?' In ce, 'Sun je kallon tafki.' Bismilla, Baba."

Na yi tunanin gargaɗin Liman. Ya ce sai an tambaye ni, to ga shi an tambaya, ko da ba bakin da muke jira ba ne. Na faɗi komai: saƙon hakimi, maganar shaguna, da cewa unguwa shi take so.

Modu ya kalli yatsun ƙafarsa. Sannan ya ɗago ya ce, "Baba, gaskiya ni ba zan..."

"Tsaya," in ji Adiza. "Ba a gama ba. In baƙo ya faɗi nasa, masu gida su ma sai sun faɗi abin da ya tarar, kafin a ba da amsa." Tsohuwar ta gyaɗa kai, ko da yake ban tabbata ta ji Hausar ba. "Baba, abin da ka tarar shi ne, mutumin nan tun da ya dawo daga gaisuwa bai cinye kwano ɗaya ba. Duk direban da ya zo daga Kano sai ya ja shi gefe ya tambaye shi ko ya bi ta ƙofar gidansu, ko a buɗe take. Shekaranjiya ya kira ni da sunan yayarsa. To, yanzu ka amsa."

Modu ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, idonsa ya yi ja.

"Baba, ka san abin da ya kore ni daga Kano? Zauren nan. Muna yara sai baƙi sun ƙoshi ake ba mu saura. Ranar sallah rigata Malam ya ɗauka ya ba wani yaro da ban san sunansa ba. Na ce in na girma zan je inda ba wanda ya san ni, in rufe ƙofata in ci abincina ni kaɗai. Wata uku na yi da zuwa nan, wani direba ya ƙwanƙwasa, ya ce an ce masa nan Bakano yake. Ban san lokacin da na ce bismilla ba." Ya nuna bencinan. "To yanzu waɗannan fa? In tafi in rufe nan don in buɗe can?"

Adiza ta ce, "Wa ke zuwa kasuwa? Wa ke dafawa? Wa ya kai Bazabarmen nan asibiti? Kai me kake yi ban da ka naɗe ƙafa ka ce bismilla? Wannan ko mijin 'yarka zai iya."

Na yi ƙoƙarin in riƙe dariya, ta ƙwace. Ita ba ta yi ba. Ta ce ba za ta bar uwarta a wannan shekarun ba, za ta riƙa zuwa Kano tana dawowa, shagon kuma babban ɗansu ya riƙe. Daga nan ta tashi ta hau tattara kofuna. Shekara ashirin da takwas suna tare ba su taɓa rabuwar wata guda ba.

Modu ya ce, "Zan je in gani. Gani kawai."

Ta ce daga bakin madafa, "Jakarka tana bayan ƙofa tun ran Lahadi."

Dawowa ba wani labari, sai dai Modu ya yi ta barci kamar wanda aka sauke wa kaya. Mun shigo Kano saura kwana biyu arba'in. Bai huta ba ya kira ƙannensa cikin ɗaki. Ban shiga ba, amma na ji yadda aka ƙare: ya bar musu rabonsa, ɗakunan baya da ke kallon ɗaya lungun, su fasa su yi shagunansu a can, zaure kuma a rubuta shi wakafi, ba mai gadonsa. Hajiya Falmata ta sa nata rabon a kai. Ƙaramin ya fito yana share ido. Bayan sadaka dattawa suka kai sunan Modu wurin hakimi.

Washegari da safe, tun ba a sa ranar naɗi ba, sai ga ƙara ta farko. Maƙwabta biyu, Alhaji mai shagon magani da wani tela, kwatar da ke tsakaninsu ta toshe, ruwa ya kwanta a lungu, kowa ya ce sharar ɗan'uwansa ce. Muka gyara zama a zaure, mu dattawa, mu ga yadda zai yi shari'a. Ya saurari wannan, ya saurari wancan. Sai ya tashi, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe ƙafar wando, ya ce a ara masa shebur.

Liman ya kama hannuna. "Tafinta, hana shi! Mai unguwa ne fa!"

Kafin in miƙe ya shiga kwatar har idon sawu. Ya kwaso ɗaya, ya kwaso biyu. Alhaji mai magani ya yi tsalle ya riƙe ƙotar shebur ɗin: "Haba, ranka ya daɗe, ɗan Malam Bukar a cikin kwatata? Kawo!" Tela ya riƙe ɗaya gefen: "Kwatarka? Ai tawa ce, sakar mini!" Mutanen da suka yi wata biyu kowa na rantsuwa ba tasa ba ce, ga su suna kokawa a kanta, har sai da aka aro shebur na biyu.

Modu ya fito yana ɗauraye ƙafa da buta. Liman ya ce, "Alhaji, mahaifinka bai taɓa yin haka ba."

Ya ce, "Malam yana da baki, Allah gafarta Malam. Ni makanikai na zauna da su."

Kafin azahar ruwan ya wuce.